Ban Ɗaure Ƙofar Iska Ba

Mu biyar ne a garejin ranar. Akwai ni, Kwanye, matar marigayi Tumba bakanike. Akwai Zira, ɗan ƙanen mijina, wanda ke mana aikin lantarkin mota. Akwai Usmanu mai walda, da ya kafa rumfarsa jikin tamu tun Tumba yana da rai. Sai Alhaji Hammanjoda, dillalin shanu, mai filin da garejin yake kai, da ɗansa Bello, mai motar da aka yi rigimar a kanta. Duk wanda ya ce muku yana wurin bayan waɗannan, a teburin mai shayi ya ji labari. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ban taɓa zama a aji ba, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana.

Ku fara sanin yadda muke zaune a filin, don a kansa komai ya tsaya. Ba haya muke biya ba. Mahaifin Alhaji ne ya nuna wa Tumba wurin da sandarsa, ya ce ya zauna, sharaɗi ɗaya: duk motar gidansu da ta zo, a yi mata abin da ake so, ba a mayar da ita. Su sayi kayan gyara, mu ba da hannu. Babu takarda, babu shaida sai bakin manya. Da wannan maganar Tumba ya haƙa ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, ya ɗaure shi da bulo. Da ita na ci gaba da zama bayan rasuwarsa. Motocin shanu, motar matan gida, babur ɗin makiyayi, ban taɓa cewa a'a ba. In na ce a'a, maganar ta warware, filin ya koma hannun mai shi. Kowa a layin ya san haka.

Motar Bello ƙaramar motar Jamus ce, baƙa, ta hannu, irin masu sufacaja. Ku da kuka zo koyon aiki bana, kuna jin sunan kuna washe baki. Famfon iska ne, ba wani abu ba. Bel ne ke juya shi daga injin, yana cusa wa injin iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, mota ta yi ƙarfi. Amma famfon ba ya hutawa, muddin injin na juyi shi ma yana juyi. Shi ya sa aka yi masa wata 'yar ƙofa a gefe. Masu karatu suna ce mata baifas, ni ƙofar iska nake ce mata. In mota na silo, ko kana lallaɓawa cikin cunkoson kasuwa, ƙofar a buɗe take, iskar ta zagaya ta koma inda ta fito. Ka taka totur, ta rufe, iskar duka ta faɗa injin. Faifai ne da bai fi murfin gwangwanin madara ba, da sanda, da sifirin, da wani ɗan kwano mai roba a ciki wanda injin ke zuƙa ta siririn tiyo. Iyakarta ke nan.

A farkon makon Bello ya kawo motar, ya ce ba ta ja a hawa, keke napep ya wuce shi a hanyar Kwaja har fasinjoji suna ɗaga masa hannu. Ban kunna ta ba. Na zare tiyon daga jikin injin, na goge bakinsa da gefen zanena, na sa a baki na zuƙa, na toshe da harshe. In robar cikin kwanon tana da lafiya, tiyon zai kama harshenka ya riƙe, sandar ta ja ta tsaya inda take. Wannan ya kama, ya saki. Na bi tiyon da yatsa na sami tsaga a ƙasa, inda zafi ya dafa shi. Na canza. Sannan na kwance ƙofar gaba ɗaya na ɗaga ta sama na duba ta da rana. Ƙofar da ta rufe daidai ba ta barin haske. Wannan tana barin haske a gefe ɗaya kamar jinjirin wata. Duk ƙarfin da famfon ke tarawa ta nan yake zurarewa.

Akwai wani ƙaramin noti da ke tsayar da faifan. Shi ake juyawa, kaɗan-kaɗan, ana dubawa. Ka bari da sako-sako, iska ta tsere. Ka wuce gona da iri, faifan ya ciji bango ya maƙale, ranar da ya kamata ya buɗe ya ƙi. Na yi ta juyawa ina ɗagawa sama har hasken ya mutu, faifan kuma yana komawa da kansa in na sake shi. Sifirin ɗin ya gaji, na sa masa wani mai ɗan tauri, don ƙofar ta riƙa rufewa da wuri in an taka. Mai ɗan tauri na ce. Na duba fulogi, na ja bel. Muka hau hanya, shi yana tuƙi, ni ina gefe na sauke gilashi ina saurare. Motar ta hau tudun nan kamar an kore ta.

"Mama, wallahi kamar ba ita ba!"

"Ita ce. Da ma ƙarfinta ne, zubewa yake yi. Ka daina sa mata man kwalba na bakin titi."

"An gama, Mama."

Wannan shi ne ƙara wa mota ƙarfin iska ta wajen ƙofa, in mutum ya san aikinsa. Ƙofar ba ta haifar iska. Hana ta zubewa take yi a lokacin da ake bukata, ta sake ta a lokacin da ba a bukata. Kuna ganin aikin noti ɗaya ne. To, sai da na yi furfura kafin hannuna ya san inda notin nan yake tsayawa.

Aikina na farko a gareji wankin noti ne. Abinci nake kawo wa Tumba daga gida, lokacin muna sababbin zuwa daga Michika, in zauna ina jiran kwano. Wata rana yaransa suka gudu kallon ƙwallo, ya turo mini daro cike da noti da fetur ya ce in wanke tunda zaman banza nake yi. Na wanke, na jera su manya da ƙanana. Ya duba, washegari ya sake turo wani daron. Na daɗe a kan daro kafin ya bar ni na riƙe sifana. Ba na karanta lamba, amma ka jefo mini noti a hannu ina rufe da ido, zan miƙo maka sifanar da ta dace da shi. Da idonsa ya fara mutuwa, sai muka raba aikin: shi kunne, ni hannu. Ya kafa doguwar sukudireba a jikin injin, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya ce, "Kwanye, fistin na uku ne." In buɗe in tarar na uku ne. In na yi kuskure ba ya zagi, cewa yake in mayar in sake tun daga farko, ko da mai mota na tsaye yana huci. Mata a coci sun yi ta magana a kan farcena. Direbobi sun sha juyawa da motarsu da suka ga zane a ƙarƙashin bonet. Da yawansu sun dawo da igiya ana jan su.

Ku kuwa wata biyu da zuwa kuna tambayar yaushe za a ba ku injin.

Ana nan sai ga Bello ya dawo, da hantsi, yana murmushi. Abokinsa zai yi aure, samari za su yi wasan mota a fili bayan ɗaurin aure, irin wanda suke juya mota tana tayar da ƙura 'yan mata na ihu. Ya miƙo mini salularsa. Wani Bature ne a ciki, ya ja sandar ƙofar iska ya ɗaure ta da waya, ta zauna a rufe har abada. Ya kunna motar, famfon yana kuka tun daga silo kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Wannan nake so, Mama. Kukan nan. Tun daga nesa a san ni ne."

"Baturen nan a Mubi yake shan mai?"

"Mama, waya ce fa kawai. Minti nawa ne?"

"A wane wata ya ɗauki hoton? Ka ga rigar sanyi a jikinsa. Kai kuma dubi wuyanka, gumi ne."

Usmanu ya ɗaga gilashin waldarsa. "Ango na biyu, kawo in ɗana maka wuta a kai mana, ka huta da waya. In ta mutu ma sai in yi maka kurar ruwa da ƙarfen."

Bello bai yi dariya ba. Na yi masa bayani kamar yadda nake muku. In ka ɗaure ƙofar, famfon yana dakan iska ba dare ba rana, iskar da aka daka kuwa zafi take yi. Zafin Mubi na bazara, ga iska mai zafi, ga man da ba ka san abin da aka zuba a ciki ba. Fetur sai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in kana da kunne. In kana tsakiyar fili ana maka tafi ba za ka ji ba. Kuma irin motarsa, in injin ya ji wuya, da kansa yake buɗe ƙofar ya rage wa kansa nauyi. Ka ɗaure ta, ka ɗaure masa hannu ke nan. Ƙarfin da zai ƙaru ba shi da yawa. Kuka ne zai ƙaru, da shan mai, da fizga.

"Motata ce," in ji shi.

"Taka ce. Hannun nawa ne."

Ya shiga mota ya tafi kiran babansa.

Motar da na fara ganin an yi wa wannan ɗaurin, a shekarar gudu na gan ta. Ranar da masu bindiga suka shigo gari, na rufe akwatin kayan aiki na bi mutane a ƙafa, muka nufi duwatsu ta wajen iyaka. Bayan mun haye wani rafi, a kan hawa, sai ga mota a tsaye, bonet a buɗe, mutane sun kewaye ta. Mai ita ya gane ni, ya taɓa kawo mini aikin birki. Ya ce, "Mama, Allah ne ya kawo ki!" Filaya ce kawai a ƙuguna, da sifanar fulogi da ya samo a but. Ina leƙawa na ga wayar, jar waya ta lantarki, an murɗe ta da kyau. Wani ya yi masa a wani gari don motar ta yi kuka. Ranar ya cika ta da iyali da buhuna, ya sayi man kwalba don gidajen mai a rufe suke, ya taka ta a hawa da tsakar rana. Na cire fulogi ɗaya na ga bakinsa ya narke, da ɓurɓushin ƙarfe fari a jiki. Fistin ya huje. Na ce masa babu abin da za a yi a nan, ko Tumba ne ya tashi. A kujerar baya akwai tsohuwarsa, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya taka ƙasa. 'Ya'yansa suka ɗaure ta da zane a bayan babban. Mun yi tafiya tare har wata mararraba, suna tsayawa suna canza mai goyo, mu muka yi gaba. Ban sake ganin su ba.

Da muka dawo, akwatin babu, jak babu, ko daron wanke noti an ɗauke. Ramin kawai na tarar, cike da ruwa da kwaɗi. Na kwashe ruwan da bokiti. Kayan aikin da kuke jefarwa a ƙasa yanzu, ɗai-ɗai na tara su, wata sifanar a kasuwa na gan ta a shimfiɗe, na gane ta da alamar da Tumba ya yi mata da zarto, na saya da kuɗina.

Alhaji ya iso bayan azahar, daga kasuwar shanu, takalminsa duk kashi. Zira ya goge masa benci. Muka gaisa sosai, ya tambayi jikoki, na tambayi mutan gida. Na san shi tun yana bin mahaifinsa da sanda, shi ya sa yake ce mini Dada, wato uwa da Fulatanci.

"Dada, yaro ya ce an mayar da motar gidana."

"Ba a mayar ba, Alhaji. Na gyara ta, tambaye shi yadda take ja. Abin da ya ce in ƙara ne na ƙi."

"Zai kashe motar?"

"Zai iya. In ba ranar biki ba, wata rana a kan hanya, inda babu kowa."

Ya juya ya kalli ɗansa. Bello ya ce, "Baaba, a gaban mutane ta ce mini hannunta ne. Har mai walda yana mini dariya."

"Ni tari na yi," in ji Usmanu.

Alhaji ya tashi ya yafito ni, muka koma bayan rumfa. Ya rage murya. Mutum ne mai hankali, ba zan ce ba haka ba.

"Dada, na yarda da ke. Ni ma ba na son wasan nan. Amma yaron ya riga ya gaya wa abokansa, kuma maganar mahaifina magana ce, ba a mayar da motar gidanmu. Ki ɗaura masa wayar a gabansa, ya gani, ya ji daɗi. Bayan biki ni da kaina zan aiko da motar ki kwance. Kwana nawa ne?"

"In ta kai bayan bikin."

"To ki ɗaura sako-sako, yadda ba za ta yi aiki ba. Shi bai sani ba."

"Zai sani, don ba za ta yi kuka ba. Ko da ma bai sani ba, gari zai sani. Za a ce Kwanye ta ɗaure wa ɗan Alhaji ƙofa. Jibi duk yaron da ke da irin motar nan zai je wajen wani ya ce a yi masa irin na Mama. Su kuwa ba sako-sako za su ɗaura ba."

"Kina so ki sa ni in ci maganar mahaifina?"

"Mahaifinka gyara ya ce a yi, Alhaji. Bai ce a ɓata ba."

"Abin da ake so, ya ce. Ina wurin."

Gaskiyarsa, yana wurin. Ni ma ina wurin, da kwano a hannu. Abin da ake so, haka tsohon ya ce.

Muka fito. Zira ya matso kusa da ni yana magana da yarenmu don kada su ji. Ya ce, "Mama, ki yi wa Allah. Ni zan ɗaura, ke ki juya baya. Ina za mu sami fili a bakin titi yanzu? Ramin Baba Tumba fa?" Na ce masa da Hausa, don kowa ya ji, in ya taɓa sandar nan a garejina, ya ɗauki jakarsa tun yau. Ya sunkuyar da kai.

Bello ya ciro waya daga aljihu, sabuwa, ya zo da abarsa. Ya ajiye a kan bonet. Alhaji ya ce, "Dada, ga ta nan. Ba zan sake roƙo ba."

Na ɗauki wayar na duba. Waya ce mai kyau. Na miƙa wa Usmanu na ce ya ɗaure langa-langar rumfarsa da ke damun mu da ƙara.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya gyara hularsa ya ce tunda maganar ta warware daga wajena, yana da bukatar filinsa, amma ba zai kore ni kamar baƙuwa ba, in zauna har ƙarshen wata in nemi wuri. Na ce na gode, Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya riƙe mu da mutunci. Na juya wajen Bello na ce, in ya sami wanda ya ɗaura masa, ya riƙa kashe rediyo yana saurare, in ya ji tsakuwa ya ɗaga ƙafa. Ya buga ƙofa ya ja motar. Tana fita titi na ji yadda take ɗauka, sumul, aikina ne.

Usmanu ya tsaya riƙe da wayar. "Mama, yanzu saboda wannan abar?"

"Saboda ita."

Zira bai yi mini magana ba har muka tashi.

Ban jira ƙarshen wata ba. Ba na zama a inda ake ƙirga mini kwana. Da gari ya waye na kira mai amalanke, muka loda akwati, da jak, da benci, da duk abin da ke ɗaguwa. Na share wurin tas, na zuba ƙasa a kan baƙin man da ya zuba, na bar ramin a buɗe yadda mai fili zai ga ban fasa masa ko bulo ɗaya ba. A ƙofar gidana akwai fili ɗan tsukuku tsakanin katanga da kwata, mota ɗaya zai ɗauka, ba a bakin babban titi ba. Na auna tsawon sabon rami da ƙafa, na ja layi da sukudireba, na aro diga a wajen maƙwabci. Ƙasar wurin tsakuwa ce. Na sara har rana ta fara zafi, ban wuce idon sawu ba.

Ina cikin sara na ga inuwa a kaina. Zira ne, da jakarsa a kafaɗa, yana kallon layin da na ja.

"Mama, ya yi kaɗan. Babbar mota ba za ta hau ba."

"To ƙara masa taku biyu," na ce. "Shebur na bayan ƙofa."